Ranar Da Idrisa Ya Faɗo

Sadiƙu ya bar Idrisa shi kaɗai a saman benen da suke aikin ginawa ya tafi kaɗa jita. Idrisa ya faɗo, kafin magariba ya cika.

Aikin na mutum biyu ne, ɗaya na turo bokitin siminti da igiya, ɗaya na karɓa. Da babu na biyu, Idrisa ya leƙa zai jawo da kansa. A gidan makoki Sadiƙu ya ce mai shantiye, wato mai ginin, ne ya aike shi sayen ƙarfe. Aka yarda. Da shi aka ɗauki makara.

Hajjo, ƙanwar Idrisa, dama tana son sa. Daga nan son ya ƙaru. Mahaifinta Malam Tahiru, mai shagon atamfa, ya ba shi ita, aka sa rana bayan babbar salla.

Sai fim ya fito. Wasu 'yan Aljer ne suka yi shi a kan makaɗan jita. Sun ɗauki Sadiƙu a wurare da dama, shi kuwa ya zaci wasan da ya yi a garin Tazrouk suka sa. Bai tsaya ya kalla ba. Ya kwaso shi da la'asar zuwa gidansu Hajjo a unguwar Gataa El Oued, ya jona a talabijin.

"Sahibata, fito ki ga mijinki a tele."

"Mijin wa? Ko ɗaurawa ba a yi ba, ka fara fankama."

"Yau har Turawa sun san ni."

"To, Turawan su tuƙa maka tuwo."

Ta zauna a bayan mahaifinta tana ɓoye murmushi. Ga Sadiƙu nan kuwa, farin rawani, jita a ƙirji, jama'a sun cika fili. Ta ji kamar ta kira maƙwabta.

Can sai wani ya kutso gaban dandamali, jikinsa duk siminti, takalmi ƙafa ɗaya. Muntari ne, leburan shantiyensu. A haka ya shigo musu gida ranar da ya kawo labarin faɗowar Idrisa.

A cikin tele, Muntari ya ja rigar Sadiƙu, ya yi masa magana a kunne. Sadiƙu ya runtse ido. Sannan ya juya ga jama'a ya ci gaba da kiɗa. Masu fim suka tsaya a kan fuskarsa saboda hawaye na zuba. Jama'a suna ta tafi.

"Kashe," in ji Malam Tahiru.

Aka kashe.

"Me Muntari ya faɗa maka?" Hajjo ta tambaya.

"Hajjo, wallahi Idrisa da kansa ya ce in tafi. Ya ce dama irin wannan ba ta dawowa..."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Ya sunkuyar da kai. "Ya ce ya faɗo... yana nema na."

"Da ransa ke nan."

"Da ransa."

"Ka ƙarasa waƙar?"

"Hannuna ne ya ƙi tsayawa, rabin raina. Ban san me nake yi ba. Da na isa asibiti an riga an lulluɓe shi."

Ta dubi hannun. Shi ne wanda ya riƙe mata mahaifi a bakin kabari. Har yanzu in ya ce rabin raina, jikinta sanyi yake yi, kuma wannan ya fi komai ƙona ta.

Malam Tahiru ya juya ga Sadiƙu.

"Ka yi mini ƙarya a kan gawar ɗana," ya ce. "Tsakaninka da Allah. Amma kwanan Idrisa ne ya ƙare. Na ba ka ita a gaban mutane, an aika Damagaram an shaida wa dangi. Ni ba na magana biyu. Aure na nan."

Sadiƙu ya durƙusa yana kuka. "Hajjo, ki ce in fasa jitar nan, yanzu na fasa ta. Ki yafe mini."

Hajjo ba ta taɓa musa wa mahaifinta ba. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka yi mini duk abin da ka ga dama. Ba zan aure shi ba."