Riɗin Da Aka Nome

Ƙwaryar furar ta suɓuce daga kan Lubabatu ta tarwatse a bakin gona.

"Innalillahi... Wahabu! Ku tsaya! Don Allah ku tsaya!"

Abdulwahabu ya ɗago kai, zufa na tsiyaya daga gemunsa, fuskarsa fal murmushi.

"Luba tawa, ai mun kusa gamawa. Dubi aiki! Ko ƙwayar haki ba mu bari ba."

Gaskiya ya faɗa, ba su bari ba. Nan ne ma matsalar take.

Abdulwahabu makiyayi ne, rugarsu na bayan ƙauyen su Lubabatu, can gefen Gummi. Shekara biyu suna son juna, shekara biyu Malam Namadi, mahaifinta, yana cewa shi ba zai ba wanda bai san ƙasa ba 'yarsa. Da kyar Inna Saude, mahaifiyarta, ta shawo kansa, ya ce to yaron ya kawo gayya a noman fari kamar yadda kowane mai neman aure ke yi, a ga kamun hauyarsa.

Mako guda cur Lubabatu tana koya masa. Ga gero, ga ciyawa, ga yadda ake tara ƙasa a gindi. Abu ɗaya ta manta, ɗaya tak! Bana Baba ya shuka riɗi a tsakanin kunyoyin geron, kuma bai fi 'yan ganye huɗu ba. A idon wanda ya tashi bayan shanu, wannan ai haki ne.

Samari goma sha biyu, tun asuba. Sun nome riɗin kaf.

"Wahabu... riɗin Baba ne kunka sare."

Murmushin ya mutu a fuskarsa.

"Riɗi? Amma maƙwabcinku na nan tun sahe, shina ta sa muna albarka."

Ta waiga. Tanko ne zaune a kan iyakar gonarsa yana tauna goro, Tankon da ta kora sau uku daga ƙofar gidansu da ya zo zance wurinta. Tun kunyar farko ya ga abin da ake yi. Mugu! Ya miƙe ya karkaɗe wando, ya ce bari ya kira mai gona ya ga aikin suruki.

Malam Namadi ya zo har hularsa na faɗuwa. Ya durƙusa ya ɗebo tsiron da ya yi yaushi a rana, ya dube shi, sannan ya buɗe murya yadda har masu noma a fadama suka ɗago.

"Nac ce, ba a ji ba! Wanda bai san abinci da haki ba shi za ya ciyar da ɗiyata? Ku tashi ku koma bin wutsiyar shanu! Hita min gona!"

"Baba, laihina ne, ni na manta ban..."

"Rufe min baki!"

Abdulwahabu ya ajiye hauyar a hankali a gaban abokansa, ya cire malfa, ya durƙusa.

"Allah shi huci zuciyarka, Baba."

Da zai wuce ta gabanta, idanunsa sun kaɗa jajir.

"Ki gahwarce ni, hasken idona."

"Ina za ka? Wahabu, tsaya mana..."

Bai waiwayo ba.

Kwana uku Lubabatu ba ci ba sha, sai kuka. Ta kira wayarsa ya fi a ƙirga, a kashe. Zuciyarta ciwo take kamar ana mata tsaga, kuma ba ta ga wanda za ta ɗora wa laifi sama da kanta ba.

Ran na huɗu aka yi ruwa mai kyau. Malam Namadi ya dawo daga zagayen gona da hantsi, ya zauna yana sosa ƙeya. To, shi fa haka yake, fushinsa kamar wutar kara.

"Saude, yaron nan hwa ya yi noma. Ban taɓa ganin gerona ya sha gyara haka ba. Riɗi kau lokaci bai wuce ba, a sake shuka. Tanko ne ɗan banza, da idonai ya gani ya yi shiru." Ya yi gyaran murya. "Ku tai rugga ke da ita, ku ce ya zo mu shuka tare. Na ba shi."

Ko ɗankwali Lubabatu ba ta ɗaura daidai ba. Tana tafe tana dariya tana hawaye, Inna na haki a bayanta tana cewa ta yi a hankali.

Suna isa ta tsaya cak.

Babu shanu. Babu bukkoki sai guda, sai duwatsun murhu da ruwa ya wanke. Wata tsohuwa, Amariya mai nono, ta fito tana dogara sanda.

"Sun tashi tun shekaranjiya, ɗiyata. Wahabu ya roƙi baffansa su tashi."

"Haba Amariya!" in ji Inna. "Hwaɗan manomi ne hwa, kwana uku ya wuce."

"A wurinku. Mu kau, wanda suruki ya kunyata gaban tsaranai, ba ya sake ɗaga ido a ƙasar."

"Ina sunka nuha?" in ji Lubabatu.

"Kudu. Ko ni ba su gaya min zango ba. Kwana ya yi yana kuka, wannan kam na ji da kunnena."

Lubabatu ta zube a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Wayyo Inna... Baba ya yarda! Wa za ya gaya mai Baba ya yarda?"

Inna ta kama hannunta ta ɗaga ta.

Da suka dawo, Malam Namadi na tsaye a bakin gona da ƙoƙon iri, hauya biyu a kafaɗarsa. Ya leƙa bayan matarsa, ya leƙa bayan 'yarsa.

"Ina yake?"

Inna ta girgiza kai.

Tsohon ya daɗe yana kallon hanyar ruga.

"Ni hwa hwaɗa kawai na yi, Luba..."

Ba ta iya dubansa ba. Ta miƙa hannu ta sauke hauya ɗaya daga kafaɗarsa, ta shiga gonar tana kuka.