Baƙi Suna Jira a Waje

A shagon awarar mahaifinta Shinpei ya fara ganin Kozue, ta naɗe hannun riga tana tsamo awara daga ruwan sanyi. Ya saya. Washegari ya dawo, ya kuma dawowa.

"Malam, kai kaɗai kake cinye wannan duka?"

"Maƙwabta nake raba wa. Har sun fara guduna."

Soyayya ta yi nisa, sai maganar suna ta tare hanya. A Japan hukuma ba ta yarda da aure sai miji da mata sun ɗauki sunan gida ɗaya. Kozue ita kaɗai tsoho Amagasa ya haifa, in ta saki sunan ya ɓace ke nan. Shinpei kuma ɗan fari ne, uwarsa ta rantse muddin tana numfashi ba zai bar na ubansa ba.

Suka zauna tare babu aure. Da ciwo ya kwantar da tsohon, Shinpei ne ke yi masa wanka, shi ke goya shi zuwa banɗaki. Amma ita takardar aure, ba a tambayar mutum ita sai ranar da ba shi da bakin gardama.

Tsohon ya rasu. Ranar da aka ƙona gawar bisa al'adarsu, dangi suka jeru bibbiyu da dogayen tsinkaye, za su tsince ƙasusuwan zuwa cikin tulu. Shinpei ya matso kusa da Kozue. Gwaggonta ta tare shi.

"Wannan na iyali ne, ɗan nan. Baƙi suna jira a waje."

Ya rusuna, ya fita. Kozue ta tsinci ƙashin ubanta tare da wani ɗan gwaggo da ko dubiya bai taɓa zuwa ba.

Ya tura mata saƙo: "Kozue tawa, ina bakin ƙofa. Ki yi kukanki, ba inda zan je."

Uwarsa na cikin baƙin, ta ga komai.

"Duk wahalar da ka sha da tsohon nan, a koro ka kamar mai tallan fure?"

"Ai ke kika hana, Mama."

Uwar ta sassauta murya.

"To, sai ƙaninka ya riƙe sunan ubanku."

Da kwanakin makoki suka cika, su uku suka je ofishin gari yin rajistar aure, uwar ta tsaya shaida. Kozue na riƙe da hannunsa gam lokacin da ma'aikaci ya ɗaga murya: "Malam Amagasa!"

Shinpei bai motsa ba. Uwar ta zungure shi, idonta jawur.

"Kai ake kira, sakarai. Tashi. Allah ya ba ku zaman lafiya."