Shekara Hamsin, In Ji Bilyamin

An ɗaura auren Suwaiba Zarami da Malam Bilyamin Yunus ranar wata Asabar a unguwar Bolewa, Potiskum, cikin Yulin 1997, bayan wata bakwai ana kai ruwa rana.

A shagon ɗinkinta suka haɗu. Ya kawo yadi, ya tarar dogon ƙwan lantarki yana ta ƙyaftawa. Ya hau kujera ya murɗa shi, ya kama.

"Abin da ke ci a ciki sunansa filasma," ya ce. "Iska ce da wuta ta ratsa. Irinta ce a cikin rana, sai dai ta can ta fi zafi."

"Malam, darasi ka kawo ko riga?"

Fiziks yake koyarwa a makarantar garin Mamudo, kusa da Potiskum. Ya kuma samu gurbin karatu a Jamus, wurin masu ƙoƙarin tsare irin wutar rana cikin zoben maganaɗisu don a samu lantarki.

Mahaifinta, Alhaji Zarami, dillalin shanu ne, kuma ya fi son ta auri Safiyanu mai tirela. Alhaji ya ce malamin ya zo, tambaya ɗaya zai yi masa: yaushe za a gama wannan aikin na Jamus?

Suwaiba ta aika wasiƙa Mamudo: "Hasken idona, ka ce shekara biyar. Baba ba zai bincika ba."

Bilyamin ya zo ya durƙusa a zaure. Tana bayan ƙofa tana ji.

"Baba, wataƙila shekara hamsin. Wataƙila in mutu ban gani ba."

Sati uku ba ta buɗe wasiƙunsa ba. A ganinta, mai son aure ba ya faɗin haka. Da ta buɗe ta ƙarshe, layi biyu ta tarar: "Suwaibata, in na yi masa ƙarya, da ita zan ɗauke ki. Ban fasa ba."

Wata ranar Laraba Alhaji ya dawo daga kasuwa ya kira ta.

"Shekara talatin ina cinikin shanu. Kowa ɓoye gurguwar ƙafa yake yi. Shi wannan da hannunsa ya ɗaga min ita. Kina sonsa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Baki na tambaya, ba kai ba."

"Ina sonsa, Baba."

"To, Allah Ya yi muku albarka."

Jirginsa zai tashi daga Kano a Satumba. Tun Yuni ya rubuta wa jami'ar yana tambaya ko za a ba shi ɗakin ma'aurata. Har ranar da aka kai amarya, amsa ba ta zo ba.