'Yan Tsakin da Aka Hana Rana

Shekara guda bayan samun 'yancin kai, ma'aikatan gona suka ba wata makaranta a Tambuwal 'yan tsaki. Da hutu ya zo, Malam Bube ya damƙa su ga wata yarinya.

"Na ajinku ne duka," in ji shi. "Ki dawo muna da su lafiya."

Yarinyar nan akwai himma, amma kai, akwai taurin kai! Don tsoron shirwa, sai ta kai su ƙuryar ɗakin kakarta Dada, ta kife su da kwando. Dusa da ruwa kam ba su yanke ba.

"Ke, fid da su su sha hantsi," in ji Dada.

"A'a, Dada. Nan kyanwarmu ta haihu. Ɗiyanta ba su ga rana ba, ga su nan ɓul-ɓul."

"To, malama, Allah shi taimaka."

Ana nan, wata safiya ta ɗaga kwando. 'Yan tsaki suka kasa tashi. Ƙafafunsu sun lanƙwashe, sai jan ƙirji suke yi. Tsoro ya kama ta. Ta zuba su a ƙwarya, ta ruga gidan Malam tana kuka.

"Ina kinka aje su?" ya tambaya.

Ta gaya masa komai, har zancen kyanwa.

Malam ya ce, "Akwai wani abu da aka kira bitamin D. Jini ka ɗaukar shi ya kai ma ƙashi, ƙashi ya yi ƙwari. Amma kowace dabba da hanyar da taka samun nata. Kyanwa nama taka ci, ɗiyanta su samu cikin nono. Waɗanga kuwa sai rana ta taɓa su sannan su samu nasu."

"Mutuwa za su yi, Malam?"

"Ba ki makara ba, ɗiyata."

Ita da Dada suka yi akurkin kara a tsakar gida, mai tagogi ta ko'ina. Kullum 'yan tsaki suna shan hantsi. Sannu a hankali suka miƙe.

Ran da aka koma makaranta, ta kai su cikin ƙwarya, duk suka fito da ƙafafunsu. Yara suka yi ta tafi. Daɗi ya cika ta.

Ta ce wa 'yan ajinsu, "Saura kaɗan in kashe muku su. Abin da ya yi wa wani daidai, yana iya cutar da wani. In ba ku sani ba, ku tambaya."