Dashen Lemon 'Yar Mai Lambu

A wani gari can, an yi wani mai lambu da ya samu na'ura mai hasashe. In ya nuna mata dashe, sai ta ce, "Zai rayu," ko "Zai mutu." Ba ta faɗin dalili, shi ma ba ya tambaya. Wanda zai rayu ya ba shi ruwa, wanda zai mutu ya wuce shi. Kullum kuwa maganarta sai ta tabbata.

Ran nan ya nuna mata dashen lemon da ƙaramar 'yarsa ta shuka. Na'ura ta ce, "Zai mutu."

Yarinyar ta riƙe masa riga. "Baba, me ya same shi?"

Ya tambayi na'ura, ta maimaita, "Zai mutu."

Ya dubi idon 'yarsa, ya kasa wucewa. Ya ce, "Ɗauko guga, uwata."

Suka yi ta ba shi ruwa tare, har ya yi toho, ya yi fure.

Yarinyar ta nuna jerin busassun dashen da ya wuce. "Baba, su kuma me ya kashe su?"

Ya daɗe yana kallonsu. Can ya ce a hankali, "Ƙishirwa ce, uwata."