Cokali a Jikin Ƙarfen Gado

Kai, wa ya koya maka tambayar irin wannan labari da almuru? Bakinka ba ya hutawa. Tunda ka tono, zauna ka ji, kuma kada wanda ya katse ni.

Gidan wata nas ne, ita da mijinta direba da autarsu. Wata ranar ta dawo daga asibiti rana na faɗuwa, ta tuɓe takalma, ta miƙe ƙafa a tsakar gida. Sai tsakuwa ta faɗo kan rufin kwano. Wata ta biyo. Mijin ya leƙa waje, babu kowa, ko kare.

Can sai ƙara ta taso daga ɗakin Auta. Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal. Irin yadda marar lafiya ke buga cokali a ƙarfen gado idan ya gaji da kira. Gidan kuwa babu gadon ƙarfe ko ɗaya.

Suka tarar da yarinyar a kwance, leɓe a bushe, ido a kafe.

"Auta, tashi ki sha ruwa," in ji uwar, da kofi a hannu.

Yarinyar ko juyowa ba ta yi ba. Da muryar uwar tata sak ta amsa: "Ki jira. Ba ke kaɗai ba ce."

Kofin ya suɓuce daga hannun nas.

Aka kwana aka wuni, ruwa ya ƙi wuce maƙogwaron yarinyar, cokalin nan bai daina ba. Da almuru ta sake yi, direba ya ɗauko wani malami mai ruƙiyya. Malam ya zauna, ya yi ta karatu a hankali, har jikin Auta ya soma kakkarwa.

"Ke wace ce?"

"Maƙwabciyar asibiti," wata tsohuwar murya ta ce. "Bishiyar bayan tagar ɗakin mata, nan ne gidana. Akwai tsohuwa a gadon ƙarshe, ba ta da mai jinya. Cokalinta ya hana 'ya'yana barci. Mu da kuke kira mugaye mun ji. Wannan ba ta ji ba."

"Ni kaɗai ce a ɗaki cike!" Nas ta fashe da kuka. "Hannu biyu gare ni!"

"Ban ce ki warkar da ita ba. Juyowa ma ba ki yi ba."

Malam ya ce, "Yarinyar ba ta yi miki komai ba. Fita."

"Sai an sallami tsohuwar."

"Ba ki isa ba."

Malam ya ci gaba da karatu, har muryar ta sassauto.

"To, idan cokali ya daina."

Nas ta fita a guje zuwa asibiti, ko takalmi babu. Tana fita ba da jimawa ba, ƙarar ta tsaya cak. Direba ya dubi malam, malam ya sunkuyar da kai. Don cokali yana dainawa idan an kawo ruwa, yana kuma dainawa idan hannun ya saki.



Sai Auta ta yi atishawa, ta ce da muryarta, "Baba, ƙishirwa."

Da uwar ta dawo, gaban rigarta jiƙe yake sharkaf. Tsohuwar, wai, da hannu biyu ta riƙe kofin, ta ƙi saki.

Shi ke nan. Ku tashi ku kwanta. Kai mai tambaya, miƙo min ruwa tukuna, kuma kada ka kuskura ka ce min in jira.