Faifai Mai Zagaye Tara

Murtala, Saude, ku aje abin da ke hannunku ku matso. Wata magana anka kawo mini in yanke, na juya ta na juya, ta ƙi kwanciya. Kuna karatu a Sakkwato sa'ad da abin ya faru, don haka daga tushe zan ɗauko muku. Kada wanda ya katse ni.

Wata safiya da kaka, shekarar dubu biyu da uku, Muhsina na dama koko a tsakar gidansu nan Anka, mijinta Bilyaminu ya dawo daga gaida mahaifiyarsa. Ya zauna kan tabarma, ya ɗora hula a gwiwa.

"Mai burushi, yaya Inna ta kwana?"

"Lafiya lau, Manaja. Bango ma ya ce in gaishe ki."

"Wane bango kuma?"

"Wanda take kallo in tana amsa gaisuwata."

Ya yi dariya, amma Muhsina ta san irin dariyar. Shi ne ɗan fari a wurin Inna Habsu, maƙwabciyata ta shekara arba'in, macen da ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa dubansa ido da ido ba. Yana shekara biyu aka yaye shi aka kai shi Gwashi wurin gwaggonsa Nana, bai dawo ba sai da gemu ya fara fito masa. In za ta ambace shi sai ta ce "ɗan Gwashi". Ya san al'ada ce. Amma sanin al'ada bai hana mutum jin ƙishin uwa.

Sana'arsa zanen manyan motoci. Muhsina ce, da 'yar sakandarenta da kaifin idonta, ta ce masa ita ta gaji da ganin aikinsa na gudu a kan titi yana barinsu. Ta sa suka kama shago kusa da tasha, ta shafe shi da farar ƙasa, ta ce sunansa galari. Mutanen Anka suka sha dariya: shago ba sukari ba sabulu, sai kallo.

Ba ta kula ba. Ta jawo Tsoho, dattijon Gummi mai zana ƙwarya da jan ƙarfe. Ta jawo Makau baduku. Matan kulle suka riƙa aiko da huluna. Zama da masu hannu kuwa sai mai haƙuri. Tsoho ba ya yarda a rataya jakar Makau sama da ƙwaryarsa, Makau kuma in ya ce Talata, to a jira shi Talatar sama. Ta taɓa mayar masa da jaka ta ce, "Baba Makau, wannan dizayin da sauri ka yi shi, hannunka ya fi haka." Ya yi fushin sati biyu, ya dawo da wadda har wani malamin jami'a ya tsayar da mota dominta.

Doka ɗaya ce ba ta ɗagawa: ba abin da zai hau bangon nan sai da sunan mai shi a ƙarƙashinsa. Ranar da aka karanta wa Tsoho nasa a jikin 'yar takardar da take kira lebul, ya daɗe tsaye, mutum mai shekara saba'in, sannan ya ce, "Shekara hamsin ƙorena na yawo duniya kamar marayu. Yau sun yi uba."

Dokar ce ta ɗaga shagon. Ita ce kuma ta kusa kashe aurenta.

To, a satin waccan safiyar da na fara ba ku labari, Bilyaminu ya tafi Gummi aikin wata mota na kwana huɗu, ita kuma ta hau mashin zuwa Gwashi neman tsofaffin faya-fayai. Gwaggo Nana ta jawo wani adudu daga bayan gado ta buɗe.

"Ga wanga tarkace, in kina so. Duk babbar Sallah Habsu kan aiko ɗaya, an rufe ƙwaryar gari da shi. Ko sau ɗaya ba ta ce yaya yaron ba. Ni kuwa ban taɓa rufe tuwo da su ba, sun fi ƙarfin tuwo."

Goma sha shida ne. Muhsina ta baza su kan tabarma. Saƙa ce irin wadda ba a yi yanzu, kaba sirirya kamar zare, ko tsinin allura ba zai ratsa ba. Kowane na da jan zagaye na rinin karan dafi. Ta ɗauki mafi ƙanƙanta: zagaye biyu. Na kusa da shi: uku. Huɗu. Biyar. Ta jera su har zuwa mafi girma, mai zagaye goma sha takwas. Mai tara ne kaɗai babu.

"Gwaggo, yana shekara nawa ya bar nan?"

"Sha takwas. Don mi?"

Matar da ba ta taɓa tambayar lafiyar ɗanta ba, ashe shekarunsa take ƙirgawa da kaba, ɗaya bayan ɗaya, tana aikawa inda yake.

Muhsina ta dawo Anka zuciyarta cike. Ta rataya su a jere a babban bango, ta bar ƙusa guda ba komai a gurbin na tara. Sannan ta ɗauki alƙalami, kamar yadda ta saba, ta rubuta: "Habsu Mu'azu, Anka. Ta saƙa wa ɗanta na fari, Bilyaminu." So take mijinta ya dawo ya gani ya warke. Bakinta bai taɓa furta sunan surukuwarta ba, ko a mafarki. Sai dai boko ya sa ta ɗauka alƙalami ba baki ba ne.

Washegari kasuwa ta ci. Wani kwandasta ya leƙa, ya karanta da ƙarfi don a san ya iya. Kafin la'asar magana ta isa wani gidan suna inda muke zaune da Habsu. Wata mai bakin tsiya ta ce, "Habsu, ashe haka kike son ɗanki? Ga shi can an haɗa sunanki da nashi a tasha, direbobi na karantawa." Mata suka kwashe da shewa. Habsu ta miƙe, ko takalmi ba ta tsaya nema ba.

Ranar Litinin Bilyaminu na sauka aka ce Inna na kira. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ita kuma ta fuskanci bango.

"A gaya ma ɗan Gwashi, wagga yarinya ta tuɓe mini zane tsakar tasha. Shi ba ta takardarta kahin Juma'a, ko shi nemi wata uwa."

Ya shigo gida idonsa jawur. Muhsina ta riga ta yage lebul ɗin, ta kulle shago, ta ci kuka har muryarta ta dushe.

"Muhsina, sunan Inna? Da hannunki? A haɗe da nawa?"

"Na yi kuskure. Wallahi alheri na nufa."

"Wane alheri? Faifai ne ta aika wa Gwaggo, kowace mace na aika wa dangin miji. Kin je kin ƙirƙiro so inda babu shi, kin manna a bango."

Maganar zagayen ta zo mata har leɓe. Kalma uku za ta faɗa ta wanke kanta. Ta haɗiye. Ta ce a ranta: na tona matar nan gaban mutanen tasha, ba zan ƙara tona ta gaban wanda ta fi jin kunya ba.

Sai ya zauna ya riƙe kai. "Ban iya sakinki, Manaja. Ban kuma iya saɓa mata. Ki gaya mini inda zan sa kaina."

"Akwai sauran kwana uku. Allah na nan."

Kowace safiya ta je ta share tsakar gidan Inna, ta cika randa, ta durƙusa a ƙofar ɗaki ta gaishe ta. Ko tari ba a yi mata ba. Makau ya zo ya kwashe jakunkunansa, wai kada tsautsayi ya shafe shi. Tsoho ya hawo mota tun daga Gummi, ya same ta a ƙofar shagon da ke kulle.

"Baba, ka zo ɗaukar naka?"

"In kai su ina, su koma marayu? Ɗiyata, kin iya kallon aiki, saura ki koyi kallon mai aikin. Ni suna nike so. Wata kuwa rufi take so. Da kin tambaya."

Ranar Alhamis da hantsi Inna Habsu ta fito da kanta, ashana ƙulle a bakin mayafi. Ta aika a ce wa ɗan Gwashi ya kawo mabuɗi, za ta kwashe kayanta ta ƙone. Muhsina ta biyo su a baya kamar mai rakiyar gawa.

Bilyaminu ya tura ƙyaure. Rana ta faɗa kan farin bangon.

Inna ta yi taku biyu ta tsaya.

Ku gane, ita ba ta taɓa ganinsu tare ba. Ɗaya-ɗaya suka bar hannunta, shekara na tsakanin kowane da ɗan'uwansa. Yau ga su a jere, daga ɗan ƙarami kamar tafin hannu har zuwa mai faɗin tire, jan na ƙara yawa, kamar yaro ne ke girma a jikin bango. Jan karan dafin bai koɗe ba, hasken ya sa shi yana ci kamar garwashi. Ba wanda ya yi motsi. Hayaniyar tasha ma kamar an ɗauke ta.

Can Inna ta ce a hankali, "Ni na yi wanga?"

"Ke ce, Inna," in ji Muhsina.

Sai suka ji Bilyaminu na magana ƙasa-ƙasa. Ya matsa kusa da bango, yatsansa na bin zagayen, don mai zane ba ya kallon abu bai ƙirga layinsa ba. "Biyu… uku… huɗu…" A takwas ya tsaya, gaban ƙusar da ba komai.

Inna ta nuna ta da haɓa. "Wagga fa, ta mi ce?"

"Gurbin na tara ne, Inna. Ban same shi ba. Na ga bai kamata in matso da sauran in rufe wurin ba."

"Ina shekara tara na yi ƙyanda," in ji Bilyaminu, ba da kowa yake ba. "Gwaggo ta ce har an fidda rai."

Inna ta juya ta fita. Ashanar ta bari kan benci.

Juma'a ta zo, ranar wa'adi. Muhsina ta ɗaure kayanta a zane, ta ce wa Bilyaminu su je ta yi wa shagon kallon ƙarshe. Suna buɗewa sai ga Inna, da abu a ƙarƙashin mayafi. Ta fito da shi: faifai mai zagaye tara. Amma wannan ba kamar sauran ba. Gefensa ya cinye, tsakiyarsa ta yi baƙi da shafar hannu.

Ta fuskanci bango, ta yi magana da shi kamar yadda ta saba.

"Shekarar anka aiko cewa ba shi kai Sallah. Surukaina na zaune suna kallona, ba damar in tahi, ba damar in yi kuka. Na gama saƙar na kasa aikawa. Na ce in na riƙe wanga, ƙila Allah Shi riƙe mini wancan. Ƙarƙashin matashina yake kwana tun ran nan."

Ta miƙa wa Muhsina ba tare da ta dube ta ba. "Rataya. Amma ba suna. Ba nawa, ba nashi."

"Na yi alkawari, Inna," in ji Muhsina, hawaye na zuba kan kabar.

Ta rataya. Jeren ya cika.

"Kuma a gaya ma ɗan Gwashi," in ji Inna, "matar da ta ga abin da Nana ta kwana da shi shekara da shekaru ba ta gani ba, in ya sake ta ban yahe ba. Ta dai rage kaifin alƙalami."

Bilyaminu ya durƙusa, yana kuka yana dariya. "Bango ya ji, Inna."

"To madalla da bango," ta ce, ta ja mayafinta ta tafi.

Kun ji yadda haƙuri ya yi wa Muhsina rana. Da ta buɗe baki ran Litinin ta kare kanta, da ta yi nasarar gardama ta rasa uwa, wataƙila har da miji. Ta yi shiru, aikin ya yi magana da kansa. Ku riƙe wannan: ba duk so ke da baki ba, kuma alherin da ba a nemi izinin mai shi ba yakan yi ciwo kamar sharri.

Yanzu ga abin da ya sa na tara ku. Habsu ta rasu da daminar bara, Allah Shi jiƙanta. Faya-fayan goma sha bakwai na nan a bangonsu, su kaɗai ne ba lebul a duk shagon, baƙi na tambayar mai su. Bilyaminu ya ce kunya ta mai rai ce, a rubuta sunan uwarsa duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a. Muhsina ta ce alkawari ba ya mutuwa don wadda aka yi wa ta mutu, hannunta ba zai sake rubuta sunan nan ba. Ba faɗa suke ba, amma maganar ta zauna tsakaninsu, sunka kawo mini don ni na fi kowa sanin Habsu. To saninta ne ya hana ni yankewa, don in na rufe ido ina ganin ta fuskanci bango, ban san ko murmushi take ba.

Gobe bayan Azahar za su zo. Ku da kunka yi boko kuma kunka sha nonon Anka, ku yanke musu: a rubuta, ko a bar bangon da shirunsa?